Ɗanliti Ya Fasa Ganga

"Ku tallafe ƙafar, kada ta bugi ƙasa!"

Bafillacen da ya jawo jakin ne ke faɗa, mu kuma muka ciccibi Ɗanliti muka shigar da shi gida. Cinyarsa ta hagu ta kumbura ta yi baƙi, an ɗaure ta tamau da igiyar shanu. Ni na riƙe kafaɗunsa, amma idona yana kan hanya. Na duba bayan jakin, na duba har gindin kukar da ke bakin gari. Babu kowa.

"Ina yaron?" na ce.

"Wane yaro, Malam? Shi kaɗai na tsinta a bakin rijiya, yana jan ciki. Kibiya ce, kuma da dafi."

"Su biyu suka tafi. Da ɗana suka tafi!"

Bafillacen ya sunkuyar da kai. Ya ce sunansa Dalhatu, ya bar garkensa da ƙanensa, ba zai iya zama ba. Goggo matar Ɗanliti ta miƙa masa ruwa a ƙwarya, ya sha a tsaye ya juya.

Ɗanliti maƙwabcina ne, danga ɗaya ta raba mu a ƙauyenmu da ke gefen Dogo-Dogo. Bai taɓa kokawa ba a rayuwarsa, siririn mutum ne da ko ɗan akuya zai iya kayarwa. Amma da an gama girbi an sa gero a rumbu, sai ya rataya gorarsa ya bi ƙauyuka kallon kokawar yara. Ta manya ba ta dame shi ba. Yakan ce manya sun koyi wayo, yara kuwa da zuciya ɗaya suke kamawa. Ya san kowane fage: na Yekuwa yashinsa taushi, na Mallawa akwai ƙarangiya ta gefen gabas, na wani ƙauyen kuma makaɗinsu yana saurin gajiya. Ko'ina an san shi da ihu. Kafin a kama ma ya fara, "Ga shi nan! Ga shi nan! Ku duba!" har yara suna kwaikwayonsa.

A shekarun nan, kafin zuwan Nasara, ana ta yaƙi tsakanin Damagaram da Kano, mu kuwa muna tsakiya. Mutum ya je gona a ɗauke shi, ba a san ko mutanen kudu ne ko na arewa ba. Shi ya sa sau biyu Ɗanliti yana roƙona in bar ɗana na fari, Mohamman, ya bi shi ya gwada ƙarfinsa a wani fagen, ina hanawa. A na uku ya zauna a ƙofar gidana ya ƙi tashi.

"Alhassan, yaron nan ya kayar da duk sa'o'insa na garin nan. So kake ya koma kokawa da jakinka?"

"Gara jakin. Shi dai yana gida."

"Kwana biyu kawai. Da hannuna zan dawo maka da shi."

Na yarda. Har yau ban san me ya buɗe bakina ba.

Wanzami ya zo ya tsaga cinyar, ya kafa ƙaho, ya jawo baƙin jini har sau huɗu. Da ya fito wanke hannu na bi shi. Ya girgiza kai, ya ce dafin ya wuce igiyar tun a hanya. Ban tambaye shi kwana nawa suka rage masa ba. Abin da nake so kawai shi ne mutumin ya farfaɗo ya yi magana.

Sai da la'asar ya buɗe ido. Na durƙusa a kansa.

"Ɗanliti, ina yaron?"

"Ruwa."

Goggo ta ɗiga masa da ludayi. Na jira.

"Wani ƙauye ne bayan Mallawa," ya ce a hankali. "Fagensu a wajen gari yake, kusa da gonaki. An yi da'ira, kowa ya ba daji baya. Naka ne a tsakiya, da wani ɗan gajere mai faɗin ƙirji. Alhassan, ka ga kamu! Ya sa masa hannu a ƙugu..."

"Bar kamun! Me ya faru?"

"Na hau kututture don in gani da kyau. Daga nan na hango mahara suna fitowa daga cikin itatuwa. Na yi ihu. Na ce ga su nan, ku duba, ku gudu! Aka yi dariya. Wani ma ya ce, Baba Ɗanliti, bari a yi kayen tukuna. Ka san sun saba da bakina."

Ya ja numfashi sama-sama.

"Ganga kuma tana ta tashi, ba a jin komai. Ka san ba a shiga fage ana tsakiyar kamu. Ko mai gari ba ya shiga. Shekara talatin ban taɓa taka cikin da'ira ba. Na shiga. Na zaro wuƙa na soka wa gangar. Suka taso za su dake ni, sai suka ji ƙafafun dawaki."

"Yaron fa?"

"Na kama shi da abokin kamunsa na tura su wajen karan dawar da aka jingine. Na juyo, sai na ji abu a cinyata. Ban sake ganinsu ba."

Na tashi na nufi gida. A ƙofar gidana Mariya matata tana tsaye da muciya a hannu, tuwo yana ƙonewa a bayanta. Ba ta kiran sunan ɗanta na fari, don haka cewa ta yi, "Shi fa?" Na ce ba a sani ba. Ta koma ta zauna a gaban murhu, ta ci gaba da tuƙa tuwon da ya riga ya ƙone.

Da safe na ɗauki sandata zan tafi, na tarar mai gari ya sa an rufe ƙofar shingen da ya kewaye gari. Ya ce babu mai fita sai mutum biyu da ya aika tun asuba, masu sanin daji. Na roƙe shi, na kama rigarsa. Ya ce, "In sun kama ka a hanya, wa zai ciyar da sauran ukun?" Na wuni a jikin shingen ina leƙe ta tsakanin itace. Duk abin da ya motsa a gonaki sai in ce shi ne. Tunkiya ce. Mace ce da itace. Na tuna ana cewa a kasuwar bayi ta arewa yaro mai ƙarfi ya fi kowa daraja, na tuna yadda nake alfahari da kafaɗunsa.

'Yan aiken suka dawo rana ta yi sanyi. Suka ce ƙauyen da aka yi kokawar babu kowa. Sun binne dattawa uku a gefen fage. An ture karan dawar, an tattake. Sawun dawaki da na mutane a jere ya yi gabas, akwai ƙananan ƙafafu a ciki.

Kashegari da hantsi Goggo ta leƙo ta kan danga. "Alhassan, zo. Yana neman gafara."

Ɗakin ya cika da warin ciwon. Liman yana zaune a wajen kansa, da maƙwabta huɗu. Ɗanliti yana kiran su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ya yafe, shi ma a yafe masa. Ya roƙi Goggo gafarar kakar da ya bar ta ita kaɗai da sussuka har sau talatin. Ta ce, "Tafi can, da kana nan ma me kake tsinanawa? Na yafe." Tana faɗa tana goge ido da bakin zane.

Sannan ya juyo da ido wajena.

"Alhassan. Na ce da hannuna. Ban cika ba. Ka yafe mini."

Kowa ya jira. Gani nake in na ce na yafe, to na yarda ke nan yaron ya tafi, an gama maganarsa. Liman ya yi gyaran murya. Na tashi na fita.

Mariya ta ji komai ta cikin danga. Ta tare ni a tsakar gida.

"Malam, shirun naka zai dawo da shi?"

"Ke ba ki san abin da nake ji ba."

"Ni ban sani ba? Ni da na haife shi?" Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. "Da bai fasa gangar nan ba, da duka ƙauyen aka kwashe. Kuma kai ka ce a tafi. Koma, kada ya riga ka."

Na koma da gudu. Idonsa a buɗe yake, yana kallon rufin ɗaki, liman yana karanta masa kalmar shahada a kunne. Na kama hannunsa, ya yi sanyi har wuyan hannu.

"Na yafe, Ɗanliti. Na yafe duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini."

Bai motsa ba. Jim kaɗan liman ya shafa masa fuska ya rufe idon.

"Ya ji kuwa?" na tambayi Goggo. "Goggo, ya ji?"

"Ban sani ba, Alhassan. Mu dai mun ji."

Aka ɗora ruwa a wuta, aka tafi haƙa kabari a cikin shinge don babu mai iya fita. Ni da liman muka yi masa wanka a bayan ɗaki. Muna naɗe shi a likkafani na ji hayaniya daga ƙofar gari, mata suna kururuwa. Na ce shi ke nan, mahara sun zo. Na rarumi taɓarya na fito.

Yaro ne mutane suka kewaye, daga shi sai warkin kokawa, jikinsa duk ƙaya ta yage. Ban gane shi ba sai da ya ce, "Baba."

Ya ce da suka ji ana ture karan, sai suka ja ciki suka faɗa wani tsohon ramin da ake ɗibar ƙasar gini. Suka kwana a ciki. Abokin kamunsa ya gurɗe a ƙafa, ya goya shi har ƙauyen kawunsa, daga nan ya biyo daji don tsoron hanya, ya ɓata. Yana magana ina tattaɓa shi, kai, kafaɗa, hannu, ina ƙirga yatsunsa kamar jariri.

"Baba Ɗanliti ya iso?" ya ce. "Na gan shi ya faɗi, ban iya komawa ba."

Ya dubi ƙofar gidan Goggo, ya ga makara a jingine. Ya zauna a ƙasa inda yake tsaye, ya miƙe ƙafafunsa. Tafin duk ya tsattsage, jini ya bushe da yashi.

Goggo ta fito da tukunya, da sauran ruwan da aka dafa don wankan mijinta. Ta sa yatsa ta ji, ta ajiye a gabana.

"Da ɗuminsa har yanzu," ta ce. "Wanke masa, liman zai jira."

Na durƙusa, na ɗora ƙafar a kan gwiwata, na fara zuba ruwan a hankali.