Na Tata Ne

Ban san wanda ya ba masu allura shawarar su zauna a ƙofar gidan maigari ba, amma ko wane ne, bai taɓa zama surukar kowa ba. A Garin Kyari, can bayan Sassumbrum, inuwar kirki ɗaya ce da rani, ta babban gawon nan inda dattawa ke kashe yini. Nan aka shimfiɗa tabarma, aka ajiye akwatin ƙanƙara, aka yi shela mata su fito da yara rigakafin ƙyanda. Wato kowace mace sai ta tuɓe takalmi ta ratsa ta gaban uban mijinta kafin ta kai ga allura.

Shekarar kuwa ba ta yi wa masu allura daɗi ba. Tun da aka yi korona mutane suka tsargu da su. Wannan ya ce tana hana haihuwa, wancan ya ce wanda aka yi wa ba zai shekara ba. A wani ƙauye har da sanda wani magidanci ya bi su, don an soki ɗansa ba da saninsa ba. Shi ya sa aka kafa musu doka: kada su taɓa yaro sai uwarsa ko ubansa na tsaye.

Hamdiyya ta fito goye da ƴarta Marwa. Mijinta Shamsu yana Kano cin rani. A bayanta ga wani ɗan yaro mai shekara uku da ɗoriya, ya damƙe gefen zanenta yana tafe yana tuntuɓe. Ɗanta ne na fari, ga shi kuma sunan uban mijinta ya ci, Ubaidullah, kunya ta zama biyu. Tun da aka yaye shi yake ɗakin kakarsa Tata, kuma duk garin ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakin uwarsa. "Kai" take ce masa, in ta matsu ta ce "yaron nan". Son shi kuwa kamar ta haɗiye shi. In ta dama fura, sai ta faki ido ta ajiye mai kaurin a bakin ƙofar Tata ta wuce kamar ba ita ba.

Ran nan Tata ta yi sammako zuwa Waca gaisuwar mutuwa, shi ya sa yaron ya maƙale wa uwarsa.

Mai allurar wata Babarbariya ce, Yagana, doguwa mai saurin hannu, gumi ya jiƙe mata hijabi. Bini-bini sai ta buɗe akwatin ta leƙa, don ƙanƙarar ta soma zama ruwa, ga wani ƙauyen na jiranta. Ta soki Marwa, ta shafa mata alama a yatsa, sannan ta dubi yaron.

"Wannan fa, ƙanwata? Naki ne?"

Hamdiyya ta ɗaga ido. Malam Ubaidu, uban mijinta, yana zaune kusa da maigari, carbi a hannu, ita yake kallo. Duk dattawan ita suke kallo. Ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi a wuya. Ta fizge zanenta daga hannun yaron.

"Na Tata ne," ta ce.

Matan da ke layi suka kwashe da dariya irin ta yabo. Wata tsohuwa ta ce, "Kun ji ƴar gidan mutunci. Ba irin na yanzu ba masu rungumar ɗan fari a kasuwa."

"To ina Tatar?" in ji Yagana.

"Ta tafi Waca."

"Sai ta dawo ke nan. Ba na yi wa yaro allura ba uwarsa."

Kada ku ce Yagana ba ta san kunyar ɗan fari ba, a gidansu ma ana yi. Da a tsakar gida ne, da ta gane da kallo ɗaya. Amma mai ƙanƙara na narkewa a gabanta ba ta karanta fuska. Mutum ɗaya ne a wurin da kalmarsa za ta raba gardama, shi kuwa dama allurar ba ta kwanta masa ba. Malam Ubaidu ya miƙa hannu yana murmushi.

"Zo nan, takwara. Ku bar mini abokina, kada ku huda shi, da shi zan yi noma bana."

Aka sake dariya. Yaron ya ruga ya haye cinyar kakansa. Hamdiyya ta koma gida ana shi mata albarka, tana faɗa wa ranta cewa gobe Tata za ta kai shi. Kafin la'asar masu allura sun ɗaure akwatinsu a bayan babur, ba su kuma dawo ba.

Ƙyanda ba ta yi sallama ba da ta shigo. Suna aka yi a gidan Altine maƙwabciyarsu, baƙi suka zo daga tsallaken iyaka, cikinsu da wata yarinya mai tari da jan ido. Uwarta ta ce mura ce. Aka tara yara a ɗaki ɗaya saboda rana, aka ba su ƙwarya ɗaya ta kunu, wannan ya kurɓa ya miƙa wa wancan, yarinyar tana ta tari a tsakiyarsu. Baƙi suka tafi, aka manta. Sai da sati ya zagayo har ya wuce, sannan zazzaɓi ya fara bin gida-gida, yana tsallake yaran da aka shafa wa alama a yatsa, yana kwantar da sauran.

Ubaidu ƙarami na cikin na farko. Jiki kamar garwashi, hanci na zuba, sai ƙuraje suka feso daga bayan kunne suka rufe shi har tafin ƙafa. Marwa kuwa, wadda suke wasa a tabarma ɗaya, ko atishawa ba ta yi ba. Duk lokacin da Hamdiyya ta dubi lafiyar ƴarta sai ta tuna bambancin yaran nan biyu bakinta ne ya yi shi.

Tata ta yi abin da ta gada. Ta rufe shi a ɗaki, ta toshe taga da tsumma, ta hana a yi masa wanka. Da idanunsa suka kumbura suka manne da kwantsa, ta samo wani jiƙo tana ɗiga masa. Mata kuma ga su nan ɗaya bayan ɗaya sun zo sannu, kowace da goyonta, su zauna a ɗakin su numfasa, su koma gida da abin da suka ɗauka. Hamdiyya tana daka a tsakar gida, tana jin nishinsa ta bango. Ba a ganin uwa a kan ɗan fari, ko da ciwo. Ta kan kawo ruwa bakin ƙofa, ta ce, "Inna, ya mai jiki?" ta juya kafin a ga idonta.

Wata safiya ta ji shi yana cewa, "Tata, buɗe ƙofa, duhu." Ƙofar kuwa a buɗe take, rana ta shigo har kan tabarmarsa.

Ta yar da taɓarya. Ta shiga ɗakin uwar mijinta ba sallama, ta sunkuci yaron, ta kwance Marwa ta miƙa wa Tata, ta goya shi. Ta bi ta ƙarƙashin gawon da takalmanta a ƙafa. Dattawa suka bi ta da kallo. Malam Ubaidu ya tashi, ya ɗaura jaki a amalanke, ya tarar da ita a hanya. Tata ma ta hau.

A gidan likita yara ne kwance har baranda. Wadda ta karɓe su Yagana ce. Ta buɗe idon yaron da yatsa biyu, ta daɗe tana dubawa, ta ce na hagu sai dai addu'a, na dama za a gwada. Sannan ta kama hannunsa ta juya, ta dubi fuskar Hamdiyya.

"Na san ki. Ba ke ce ta Garin Kyari ba? Wannan ba shi ne yaron da kika ce na wata ne ba? Ina uwar tasa?"

Tata ta sunkuyar da kai. Malam Ubaidu yana bakin ƙofa, ya ƙura wa ƙasa ido, carbin ya tsaya cak a hannunsa. Kunyar da Hamdiyya ta ji a ƙarƙashin gawo wasa ce a kan wannan. Ta so ƙasa ta tsage ta shige.

"Ni ce," ta ce. "Ni na haife shi."

Yagana ma ta tuna ranar, ta tuna dariyar matan, ta kawar da kai.

"Riƙe shi da kyau, zan wanke idon, da zafi. Yi masa magana, ki kira sunansa don ya natsu."

Hamdiyya ta rungume shi a gaban uban mijinta, ta kai bakinta kunnensa. Sunan ya yi mata nauyi a harshe.

"Ubaidu," ta ce. "Ubaidullah. Yi haƙuri, ɗana."

Yaron ya daina mutsu-mutsu. Ya juya fuskarsa da rufaffun idanu, ya lalubi iska da hannu, ya wuce ta gefen uwarsa.

"Tata," ya ce, "wa ke kirana?"