Kaucin da Bai Taɓa Ƙasa Ba

"Ba zan sauke shi ba, Kawu."

Kawu Desmond yana tsaye a tsakiyar kicin, rungume da kwalin da ya kawo don kwashe kwanukan Kaka. Ya dube ni, ya ɗaga kai ya dubi ƙwallon kaucin da ke rataye a gungumen rufi tun Kirsimetin bara. Ya bushe ƙamas, ganyen ya koma ruwan ƙasa.

"Bryony, ba shawara na kawo miki ba. Hau kujera ki ciro mini wannan matattarar ƙura."

"Ba a sauke tsoho sai sabo ya hau. A gidan nan aka haife ka, ka fi ni sani."

"Ji mini 'yar jami'a! Duk ilimin tsirran da kike karantawa a camfin tsofaffi ya ƙare?"

"Karatuna ya gaya mini kauci ba ya kare gida daga tsawa. Bai ce in kwashe tsohuwa kamar buhun dankali ana gab da Kirsimeti ba."

Kaka Winifred ce ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata, yayar Kawu. Lokacin tsinkar tuffa ɓarin jikinta na hagu ya shanye, na baro makaranta na dawo gida da niyyar ɗan kwana biyu. Kawu ba mugu ba ne. Motar madara yake tuƙawa, ba shi da lokacin jinya, kuma da ƙyar ya samo mata ɗaki a gidan kula da tsofaffi a Hereford. Sun ce in ba ta shiga a makon ba, za su ba wani. Kaka ba ta ce ba za ta je ba. Abu ɗaya ta roƙa, ta ga sabon ƙwallo ya hau gungumen nan kafin ta fita, kamar yadda take yi tun tana amarya. Kauci kuwa a gidanmu ba a yanka shi sai jajibirin Kirsimeti.

"Malaminku ma ya kira ni," in ji Kawu. "Ya ce in ba ki koma makon nan kin bi su aikin daji ba, shekarar ta tafi. Ko ƙarya ne?"

"Gaskiya ne."

"To, ke kika sani. Girman kan uwarki kika kwaso kaf. In ta faɗi a hannunki, kada ki neme ni."

Ya dire kwalin ya fita, ƙofa ta bugu.

Kaka tana kan kekenta na marasa lafiya a bakin murhu. Tun ciwon harshenta ya yi nauyi, magana sai ta jawo ta a hankali, amma kaifinta yana nan.

"Ya tafi?"

"Ya tafi, Kaka."

"Kwalin fa?"

"Ya bar shi."

"Ba wa kyanwa. Ta daɗe tana neman gado."

Kwanakin da suka biyo ba su da daɗin faɗi. Ni ke ɗaga ta, ni ke mata wanka, ni ke ba ta kunu a cokali ina share abin da ya zubo ta gefen bakin da ba ya motsi. Bayana ya riƙe har sai na dafa bango kafin in miƙe. Famfon waje ya daskare, itacen murhu ya jiƙe. Abokan karatuna suna turo hotunansu cikin manyan takalma a gindin duwatsu, na kife wayar a kan tebur. Ban kira Kawu ba, ko ranar da muka zame tare a banɗaki, muka zauna a ƙasa ina kuka tana mini dariya da rabin fuska.

Da jajibiri ya zo na ɗauki tsani da almakashin askin itace na shiga gonar tuffa. Raɓa ta daskare a kan ciyawa, tsofaffin itatuwan sun zubar da ganye, sai dunƙulen kauci kore shar a samansu. Ƙa'idar ita ce daga reshe har rufin ɗaki kada ya taɓa ƙasa. Aikin mutum biyu ne: ɗaya a kan tsani, ɗaya a ƙasa ya tara zanin gado. A da Kakana Aubrey ke hawa, bayan rasuwarsa na gaje shi, Kaka kuwa kullum ita ce mai tarawa.

Na ɗaure zanin tsakanin rassa biyu na hau na yanka. Dunƙulen ya faɗo kan zanin, ya mirgina, ya dira a ciyawa. Na ɗauko shi na kai mata bakin ƙofa.

"Ya ɗan taɓa ƙasa, amma ko minti bai yi ba."

"Ba wa tumaki."

"Kaka, shi ne mafi kyau a gonar! Dubi 'ya'yansa."

"Tumakin ma su yi Kirsimeti. Tura ni waje."

"A sanyin nan? Likita zai kashe ni."

"Likita ba ya nan. Tura, malama."

Na naɗe ta da barguna har sai idanu da hanci suka rage, na sa mata hular Kakana. Keken ya yi ta kafewa a ciyawa, na juya shi ina ja da baya kamar mai jan amalanke, ita kuma tana ce mini jakin da suka taɓa yi ya fi ni sauri. A gindin itacen na shimfiɗa zanin a cinyarta, na ɗaure gefe ɗaya a hannun keken, ta damƙe ɗaya gefen da hannunta mai lafiya ta ɗaga.

"Kin shirya?" na tambaya daga sama.

"Tun kafin a haifi uwarki."

Ba faɗuwar kaucin nake tsoro ba, tsorona ya sauka a fuskarta. Na riƙe reshen da hannu ɗaya na yanka, na sassauto da shi iya tsawon hannuna, sannan na saki. Ya faɗa tsakiyar cinyarta, fararen 'ya'yan suna kaɗawa. Ta rungume shi da zanin kamar an miƙa mata jariri.

A teburin kicin muka yi aikin, shayi yana hucewa a gefe. Tsumagun da na yanko a bakin rafi sun kwana a ruwa sun yi laushi. Na lanƙwasa su zobe biyu, na sa ɗaya cikin ɗaya, amma duk sa'ad da na zo ɗaurewa sai su kufce su mare ni a hannu.

"Ɗauko wannan malalacin," ta ce, tana nuna hannunta na hagu da haɓa. "Ya gaji da zaman banza."

Na ɗauko hannun, sanyi ƙalau, mara nauyi kamar na yaro. Na ɗora shi a mahaɗar zoben, ta danne shi da na dama. Tsumagun suka tsaya. Na ɗaure da zare a tsakanin yatsunta, ina kula kada in haɗa da fatar da ba za ta ji zafi ba.

Sai dankali, babba guda, aka rataye shi a tsakiyar zoben. Ita ke huda shi da allurar saƙa, ni ina soke rassan kaucin a ramukan don su sha danshi su daɗe kore. Ta sa na cire na sake fiye da yadda zan iya tunawa.

"Nan ya yi sanƙo kamar kan Desmond. Cike."

Da ya zagaye, ba a ganin dankali ba a ganin tsumagiya, na ɗaura jan ƙyalle a sama da jar tuffa a ƙasa. Na hau kujera na rataye shi kusa da na bara. Na ɗan bar su tare, kore da busasshe, sannan na kwance tsohon na miƙa mata. Ita ta jefa shi a murhu, ya kama da ƙara.

"Matso da ni ƙarƙashinsa. Sunkuyo."

Ta sumbace ni a goshi da gefen bakin da ke aiki. Na ɗaga ta kaɗan ta miƙa hannu ta tsinki ɗa guda, don kowace sumba da nata ɗan kaucin. Ta damƙa mini shi a tafin hannu, yana danƙo.

"Saura da yawa," ta ce. "Kada ki yi rowa."

Ranar Kirsimeti na gasa kaza, na jera faranti uku. Biyu aka ci a cikinsu, na Kawu ba a taɓa shi ba.

Ɗakin Hereford an ba wani. Kaka ta zauna a gidanta, ni da ita, har itatuwan tuffa suka yi fure, sannan wani ɗakin ya samu, ta ce yanzu kam a kai ta. A lokacin shekarar karatuna ta riga ta tafi, tallafin da nake karatu da shi ya tafi tare da ita. 'Yan ajinmu sun karɓi digirinsu ba ni. Kawu Desmond kuwa, wanda ban da Kaka shi kaɗai ya rage mini a dangin uwa, in muka haɗu a ƙofar ɗakin Kaka sai ya matsa gefe in wuce. Har yau bai amsa gaisuwata ba.