Ban-Ruwan Kwalta

Ya ja burki, ya diro daga tankar, ya warware mesa ya ɗaga bakinta sama kamar yadda aka koya masa. Ruwan ya tashi ya watse, ya sauko yayyafi-yayyafi a kan farin akwatin da ke cikin kejin ƙarfe. Daga nan ya bi kwaltar, taku arba'in gabas, taku arba'in yamma, ya jiƙa ta sharkaf. Aikinsa ke nan, sau uku a rana, yau wata bakwai. Abokan aikinsa a ma'aikatar makamashi har sun manta da sunansa na yanka, sai dai Damina, wai shi kaɗai ne daminar da ba ta makara, tun da ta Allah ta yi shekara uku tana zuwa a makare tana ɗaukewa da wuri.

Shi bai taɓa ganin abin dariya a ciki ba. Shekara ashirin da biyu yana tuƙa tankar ruwa, ya kai wa asibiti, ya kai wa magina, ya shayar da furanni, amma bai taɓa jin inda kwalta ta yi ƙishirwa ba. Wurin ba itace, ba ciyawa, sai akwatin nan mai sanda a ka, sai katangar tashar wutar lantarki da dogayen bututunta biyu masu aman baƙin hayaƙi. Sau ɗaya ya yi tambaya, aka ce masa ƙura ake kwantarwa. Ya dubi kwaltar, ya dubi mai maganar, ya kama bakinsa, domin a gidajen ma'aikatar yake zaune da iyalinsa, can bayan tashar.

Yana naɗe mesa ya lura da wata ƙaramar mota a gindin katanga. Wata mata ta fito da hular kwano a kan mayafinta da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ta ciro mabuɗi ta buɗe kejin, abin da bai taɓa ganin an yi ba.

“Sannu da aiki, Baba.”

“Yawwa, sannu Hajiya.”

“Kullum kake wannan feshin?”

Ya san bugun ciki in ya ji shi. “In an turo ni,” ya ce.

Ta jona kwamfutar da akwatin, ta tsuguna tana duba wani zane mai hawa da sauka. “Shida da rabi na safe, ƙarfe biyu, da biyar da rabi,” ta ce. “Ban da ranar goma sha ɗaya ga watan jiya.”

Ya dakata da naɗe mesar. Ranar ce tankar ta kwana a gareji.

“Wa ya gaya miki?”

“Akwatin. Hanci ne, Baba, iska yake shaƙa, yana auna baƙin da ke cikinta. In ka fesa ruwa, baƙin ya bi ruwan ya faɗo ƙasa, shi kuma ya rubuta cewa iska tas take.”

Ta ce ita injiniya ce, kwamitin majalisa ne ya ɗauke ta, kuma kwamitin zai zo yau ƙarfe biyu ya gani da idonsa. Shekara biyu da suka wuce gwamnati ta yi wa duniya alkawarin rage hayaƙin da ke ɗumama yanayi, ta kuma kafa doka: duk tashar da hayaƙinta ya haura jan layi kwana talatin a shekara, ko dai a sa mata na'urar tace hayaƙi, ko a rufe ta.

“Bara wannan ta haura kwana ɗari da tara,” ta ce. “Da aka fara feshinka, kwana ɗaya. Har lambar yabo aka ba ma'aikatarku.”

“Ni direba ne, Hajiya.”

“Na sani. Wa ya ce ka riƙa ɗaga mesar sama?”

Ya ci gaba da naɗe mesar. Yana kallon mabuɗin da ke hannunta ne. Mabuɗin kejin nan a ofishin Daraktan ma'aikatarsu yake, in kuwa Darakta ne ya ba ta, to ai tasu ce, an turo ta ne a gwada bakinsa. Ta miƙo masa katinta, ya yi kamar hannunsa a jiƙe yake. Ta maƙale shi a gilashin tankar ta koma kan aikinta.

Ƙarfe tara aka ce Darakta na nemansa. Ofishin sanyi ƙalau, har da ƙamshi, ga hoton injinan iska masu farfela a bango, irin waɗanda babu ko ɗaya a tashar. Darakta ya tashi ya ba shi hannu, rabon da ya yi haka tun ranar da Damina ya kama aiki. Damina ya sha jinin jikinsa.

“Ya mai jiki? Na ji ƙirjin ya matsa mata.”

“Da sauƙi, yallaɓai.” Bai taɓa gaya wa kowa a ofis cewa matarsa na da asma ba.

“Allah ya ƙara sauƙi. Na ga sunanta a wata takardar koke da matan unguwarku suka kai majalisa. Ita ce ta uku daga sama. Tana da kyan rubutu.” Ya yi murmushi ya gyara zama. “To, yau muna da baƙi. Feshin ƙarfe biyu ka yi shi da sha biyu, ka zazzage tankar duka, ka gama kafin ƙarfe ɗaya. Daga nan ka kai motar gareji, ka kashe wayarka, ka je ka huta. Wa ka gani a can da safe?”

“Wata mata.”

“Me ta ce?”

“Ta ce sannu da aiki.”

Darakta ya yi dariya. “Shi ya sa nake sonka, Damina. Gidan nan da kuke ciki, mutum takwas ke layinsa, na ce a bar shi inda yake.”

Ya yi godiya ya fito.

Maimakon ya wuce rijiyar burtsatse ya ɗebo ruwa, sai ya biya gida. Matarsa, wadda duk layin ke kira Uwar Biyu, wanki da guga take yi wa mutane. Ya same ta zaune a kan turmin da ta kife, ta jingina da bango, abin shaƙarta a hannu, numfashinta na fita da ƙara kamar ana busa kwalba. A kan igiya fararen zannuwan gado ne guda shida, duk sun yi ɗigo-ɗigon baƙi tun ba su bushe ba.

“Ya sake tashi?”

“Ya lafa.” Ta nuna igiyar da haɓa. “Dubi. Sau biyu na ɗauraye su. Matar likita za ta ce da gawayi nake wanki.”

“Na ce ki riƙa shanyawa a ɗaki.”

“In shanya a ɗaki, kai kuma ka kwana a igiya?” Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya sake ta, ta ce, “Baban Biyu, yau ce ranar fa. Na so in bi matan unguwa wajen 'yan majalisar, ƙafata ta ƙi. Shugabarmu ta ce kada mu damu, akwai wani akwati da ke rubuta komai. Ta ce mutum a toshe masa baki, amma na'ura ba ta da aljihu. Da sun buɗe sun gani, dole a sa wa bututun nan matatar hayaƙi.”

Ya sunkuya yana gyara bokitin da ba abin da ya same shi.

“Kai da ke yawo ta wajen, ka taɓa ganinsa?”

“Ina wucewa ta wurin,” ya ce.

“Fari ne, ko? Allah ya yi wa wanda ya ƙera shi albarka.”

Wata bakwai tana zaton furannin ma'aikata yake shayarwa, shi kuma ya bar ta a haka, don kunya yake ji ya ce kwalta yake yi wa wanka. Yanzu abin ya wuce kunya. Ya buɗe baki zai gaya mata, ya ga yadda kafaɗunta ke ɗagawa da kowane numfashi, sai ya ce ta shiga ɗaki ta rufe taga.

Ya cika tankar, ya kai ta ƙarƙashin wata inuwa a bayan kasuwar 'yan katako, ya kashe inji. Tsoro yake ji ƙwarai. Ya tuna da gidan, da 'yan biyun da ke aji uku, da shekarunsa da suka wuce na neman sabon aiki. Injiniyar nan ma bai yarda da ita ba. In ya kira ta ya ba ta labari, kafin la'asar maganar na iya komawa teburin Darakta, a ce direba ya yi ƙarya, a kore shi, a kawo wani. Magana dai ana musanta ta. Sha biyu ta yi, ya zauna. Sha biyu da rabi wayarsa ta fara ruri, Darakta ne. An dai ce ya kashe ta, sai ya kashe.

Biyu saura minti biyar ya tada mota.

Wurin ya canja kamar ba shi ba. An kafa rumfa, an jera kujeru, an dasa 'yan itatuwa a gefen kwaltar, wasu ledarsu ma na leƙowa daga ƙasa. Matan unguwarsu na can nesa bayan igiya, 'yan sanda sun tare su. Shi kuwa da suka ga tambarin ma'aikata a ƙofar tankar, sai suka ɗaga masa igiyar da kansu.

Shugaban kwamitin, wani dattijo mai farar riga da tabarau, yana tsaye gaban kejin yana gaya wa 'yan jarida cewa majalisa ba za ta ɗaga wa kowa ƙafa ba. Injiniyar na gefensa da kwamfuta a buɗe. Darakta na bayansu, yana ta share wuya da hankici.

Damina ya tsaya daidai inda yake tsayawa kullum. Ya ja burki, ya diro, ya warware mesa, ya ɗaga bakinta sama. Hannunsa ya san aikinsa. Yayyafin ya sauko a kan akwatin, da kan farar rigar, da kan takardun jawabi. Manyan mutane suka yi ta tsalle-tsalle suna tattare riguna.

“Kai, malam, me kake yi haka?” in ji shugaban kwamitin.

“Aikina, ranka ya daɗe. Ƙarfe biyu ta yi.”

“Wane irin aiki?”

“Ban-ruwa. Sau uku a rana, wata bakwai ke nan. A ɗaga mesa sama, a bi kan sandar nan, sannan kwalta.”

Injiniyar ta kare kwamfutarta da mayafi, ta juya fuskarta wajen 'yan jarida. “Ku dubi lambar nan,” ta ce. “Da muka zo tana ɗari da casa'in.” Suka matso da kyamarori. Lambar ja ce, tana sauka a gaban idonsu, ɗari da ashirin, tamanin, hamsin da biyar, sai ta koma kore. Wani ɗan jarida ya yi dariya, wani ya ce a maimaita don bai ɗauka da kyau ba. Damina ya maimaita masa.

Shugaban kwamitin ya cire tabarau ya goge, ya fuskanci kyamara, ya ce wannan abin takaici ne, kuma za a yi bincike, ko wane ne ke da hannu sai ya ɗanɗana kuɗarsa. Daga bayan igiya matan suka ɗauki tafi. Damina ya ji wani sanyi ya ratsa shi, har idonsa ya kawo ruwa. Ya zagaya bayan tankar don ya rufe famfo.

Nan ya same su. Dattijon ya ja Darakta gefe, sun fake da jikin motar, yana kakkaɓe hannun rigarsa. Ba su ga mai tsugune a gindin famfo ba.

“Ba na ce maka a gama kafin ƙarfe ɗaya ba?” in ji shugaban kwamitin, a hankali, kamar mai yi wa ɗansa faɗa. “Yanzu sai ka nemo wanda za a ɗora wa. Direban ma ya isa.”

Suka koma rumfa, ɗaya bayan ɗaya.

Damina ya ƙarasa rufe famfon. Da ya ɗago, ya ga injiniyar tsaye a ɗaya ɓangaren, ta zo ɗaukar jakarta da ta ajiye a inuwar tankar. Fuskarta ta nuna ba shi kaɗai ke da kunne ba.

“Ka ji abin da na ji, Baba?”

“Na ji.”

“Kwamitin mutum tara ne, ba shi kaɗai ba. Ban san nawa ne nasa ba. Zama na gaba a bainar jama'a za a yi, da rediyo. Za ka faɗa a can?”

Ya dube ta. Har yanzu bai san wanda ya ba ta mabuɗi ba, kuma da alama ba zai sani ba. Ya naɗe mesar tsaf, ya rataye ta a mazauninta, ya zare mabuɗin motar ya ɗora a kan kujerar direba, ya rufe ƙofa.

“Zan faɗa,” ya ce. “Amma akwai wadda zan fara gaya wa, kada ta ji a bakin mutane.”

Ya bi ta ƙarƙashin igiyar, ya ratsa matan unguwar da ke ta yi masa sannu da ƙoƙari, ya kama hanyar gida a ƙafa.