Gaisuwar Minti Goma Sha Huɗu

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari, domin maganar cikin gida ce. Mukarrama da kanta ta ce in rubuta.

Mamuda direba ne ya kawo zancen zuwa garin Furana. Yana kai barkono Fatakwal, inda Lawal, mijin Mukarrama, yake aiki a wani gidan niƙa. Da ya dawo, ya faɗa a majalisa cewa ya ji an ce inji ya kama hannun Lawal na dama. Shi dai bai gani da idonsa ba. Kafin la'asar magana ta zaga gari, har ta kai ana cewa daga wuyan hannu aka yanke.

Mukarrama ta kira mijinta. Ya ce ɗan rauni ne, kada a ta da hankalin kowa. Muryarsa garau, amma ai murya ba ta nuna hannu. Ta gwada kiran bidiyo, hoton ya daskare tun fuskarsa ba ta fito ba.

Wadda ta fi damunta ita ce surukarta, Inna Zulai. Lawal ɗanta ne na fari, Inna kuwa irin mutanen da ce masu tsananin alkunya. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta karɓar waya in shi ne, ko zancensa aka ɗauko sai ta kama wani aiki. In ta kama dole, "mutumin Fatakwal" take ce masa. Saboda haka ba ta tambayi kowa komai ba. Sai dai kwanon tuwonta ya fara komawa madafi yadda aka kawo shi, ga ta kuma da hawan jini. Rana ta uku jiri ya ɗebe ta a bakin rijiya, sai da aka riƙo ta zuwa ɗaki.

Mukarrama ta aika wa Lawal saƙon murya, tana inda-inda, ta roƙe shi ya turo bidiyo ko hankalin gida ya kwanta. Washegari saƙo ya shigo, a ƙarƙashinsa an rubuta 312 MB. Ba ta san abin da lambar take nufi ba. Ta danna, wata ƴar da'ira ta fara cika a hankali.

A Furana ba ko'ina ake samun sabis ba. Akwai wani ɗan tudu bayan rumbun Baffa Iliyasu, ƙanin mahaifin Lawal, inda alamar sabis takan kai sanda biyu. Nan ta tsaya tun hantsi har rana ta take, hannu a sama, kafaɗa tana mata zogi. Da'irar ta kusa rabi sai sabis ya ɗauke, komai ya koma farko. Ta sake dannawa, data ta ƙare. Kashegari ta sa wata, ita ma ta bi ƴar uwarta. Duk dawowar da za ta yi sai ta ga Inna ta saci kallon wayar, ta kau da kai.

Ranar kasuwa Mukarrama ta shiga motar Ikara, ta nufi shagon Angelina mai caji da gyaran waya. Sun saba tun suna zuwa awo tare, kuma har yau amarya Angelina take ce mata, duk da ƴaƴanta biyu.

Angelina ta duba lambar, ta dube ta. "Amarya, mijin naki fim ya haɗa ne? Kayan tirela kike so ki ɗauko a keke."

Ta yi mata bayani dalla-dalla. Ta ce bidiyo yana da nauyi kamar buhu, gwargwadon tsawonsa da tsabtar hotonsa. Lawal kuma ya turo shi ne ta hanyar da ake tura takardu, inda waya ba ta matse komai, ƙila wani ne ya ce masa ya fi fita tas. Da ya bi hanyar da aka saba, da wayar ta danne shi ya ragu sosai, ko da zai ɗan dusashe. Da sabis irin na Furana, in ji ta, wannan sai a wuni ana jira, in ma bai katse ba. Ta haɗa wayar da intanet ɗin shagonta, ta ba Mukarrama kujera. Ko a nan sai da aka yi kusan awa guda.

Suka haɗa kai suna kallo. Ga Lawal cikin farin kaftani, ya yi sallama. Ya gaida Baffa Iliyasu, ya tambayi ƙafarsa da shanunsa. Ya gaida Inna, idonsa a ƙasa. Ya gaida liman da mai unguwa, ya gaida goggonninsa ɗaya bayan ɗaya, babba kafin ƙarama, har da ta Hunkuyi da ta Makarfi. Sannan ya bi maƙwabta gida-gida kamar wanda ya shigo gari da ƙafa, ya yi barkar haihuwa, ya yi ta'aziyyar wani tsoho da aka binne tun bara. Angelina tana ta dariya, tana cewa saura awaki. Can dariyar ta tsaya. Minti goma sha huɗu suka cika, ya yi addu'a, bai ko shafa ba, hoton ya ƙare. Da hagu ya riƙe wayar tun daga farko, na daman ko sau ɗaya bai shigo ba.

Tun da aka kawo Mukarrama gidan ba ta taɓa ce wa Lawal yi kaza ba. Ta daɗe tana juya wayar a cinyarta, sannan ta kira.

"An ga gaisuwa," ta ce. "Amma ba fuskarka muke nema ba. Hannun."

Ya ce ba ya so Inna ta gani.

"Inna ta daina cin abinci. A gari cewa ake daga wuya aka yanke."

Ya yi salati a hankali. Angelina ta karɓi wayar ta ce, "Malam Lawal, don Allah kar ka gaida kowa. Hannun kawai, ka ƙirga goma ka tsayar. Ka turo yadda ake tura hoto."

Kafin ta gama sallamar wani mai karɓar batir, saƙon ya shigo, 2 MB. Mukarrama ta danna, nan take ya buɗe. Hoton ya ɗan yi hazo, ba a ganin zanen tafin hannu. Amma hannu yana nan. Babban yatsa, manuni da na tsakiya lafiyarsu ƙalau. Biyun ƙarshe sun gutsure daga rabi, an naɗe su da bandeji. Ya dunƙule hannun, ya buɗe, ya juya bayansa. Mukarrama ta rufe fuska da hijabi ta yi kukanta, Angelina ta bar ta har ta gama, sannan ta miƙo mata ruwa.

Da Mukarrama ta koma gida, ta tarar da Inna a inuwar ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Ta san in ta ce zo ki gani, tashi za ta yi. Sai ta kunna bidiyon yadda zai riƙa maimaita kansa, kamar yadda Angelina ta nuna mata, ta jingina wayar da ƙwarya kusa da tabarma, ta ce bari ta duba wuta.

Daga madafi ta leƙo. Inna ta ci gaba da ɓara kamar ba ta gani ba. Can hannunta ya tsaya. Ta waiga hagu da dama, ta sunkuyo har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta bi yatsun da nata yatsan tana ƙirgawa. Hoton ya dawo farko, ta sake ƙirgawa. Ta goge ido da gefen zane, ta jawo gyaɗarta.

Da Mukarrama ta dawo, Inna ba ta ɗago ba. "Kin bar wayarki tana cin caji," ta ce. Bayan ɗan lokaci ta tambaya ko akwai sauran kunun safe. Ta shanye kofi guda, ta ce a ƙaro.

Bayan sallar magariba tana naɗe darduma, ta yi magana kamar da bango take. "Yatsa uku ai suna riƙe fartanya. Gonar ubansa tana nan. A faɗa wa mutumin Fatakwal."

Da gari ya waye, Mukarrama ta hau tudun bayan rumbu, ta danna saƙon murya, ta maimaita maganar Inna yadda ta faɗe ta, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Ta jira har ta ga alamar ya isa, sannan ta sauko ta hura wutar koko.