Rubutu a Ƙasan Gilashi

Isiyaku direba ne, mutumin Maiyama, yana da a-kori-kura tasa ta kansa. Albasa yake ɗauka daga Aliero zuwa Jega, wani lokaci har Yawuri, in damina ta faɗi kuma ya koma dakon taki da hatsi. Matarsa Shafa'atu a dā malamar firamare ce, ita ke koyar da Turanci a aji biyar. A shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna, 'yan shekaru bayan an yanki jihar Kabi daga Sakkwato, ita ma ta kwanta. Da yake da sauran shan ruwa a gaba ta tashi, amma kunnenta bai tashi tare da ita ba. Ko tsawa aka yi, sai dai ta ji girgizarta a ƙirji.

Koyarwa ta tsaya. Magana kam tana yi, tunda da bakinta ta girma, sai dai ba ta san nauyin muryarta ba. Wani lokaci ta fito kamar raɗa, wani lokaci kamar mai kiran wani a gona. Ran wani suna ta yi wa mai jego barka da ƙarfi har mata suka waiwayo, tun daga nan ta rage magana cikin mutane. Da Isiyaku kuwa sun samo hanyarsu. Zai tsaya a gabanta ya yi magana a hankali tana kallon leɓensa, abin da leɓe ya kasa hannu ya cika. Rubuta mata ba ya cikin lissafi, don shi allo ya yi, bai taɓa zama ajin boko ba.

Wata rana da rani yana jiran a gama yi masa lodi a Aliero, sai Alhaji Sa'idu, dillalin albasar da yake yi wa dako, ya ce ya shigo falo ya sha inuwa. Alhaji yana cikin mutanen farko da suka kafa dish a garin. Talabijin na kunne, wani Bature da jan laktaye yana karanta labarai. Isiyaku bai ji ko kalma ɗaya ba, amma idonsa ya tsaya a ƙasan gilashin, inda wani farin rubutu ke fitowa layi biyu, ya ɓace, wani ya maye gurbinsa. In Baturen ya yi shiru, rubutun ma ya tsaya.

Ya ce, "Alhaji, wanga rubutu na mi ne?"

Alhaji ya ce, "Yara sun ce abin da mutumin ka hwaɗi ne ake rubutawa."

"Duk abin da ya ce?"

"Haka suka ce. Ni ban karanta ba balle in shaida."

Isiyaku bai ƙara tambaya ba. Amma har ya wuce Jega ya kama hanyar gida, rubutun nan yana gabansa.

Da aka gama kakar albasa ya je shagon Imrana, mai sayar da kayan lantarki a kasuwar Jega, ya sayi talabijin da dish da risiba, wato akwatin da ke karɓo tashoshi daga dish ɗin ya miƙa wa talabijin. Ya haɗa da ƙaramin janareta. Imrana da kansa ya biyo shi Maiyama, ya kafa dish a bayan ɗaki, ya yi ta juya shi har hoto ya tsaya. Yaran gida da na maƙwabta suka cika tabarma. Isiyaku ya sa aka yi ta canza tasha har aka iso kan Baturen mai jan laktaye. Ga mutumin, ga bakinsa na motsi, ƙasan gilashi kuwa wayam.

Shafa'atu ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da tiren gyaɗa a hannu. Ta kalli bakin Baturen na ɗan lokaci, ta yi ƙoƙarin kama wata kalma, aka ɗauke hoton aka nuna jirgin ruwa. Ta ce, "Allah shi sanya alheri," ta koma tsakar gida ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Bayan wannan ranar, in an kunna, takan sami aikin yi a madafa.

Isiyaku bai faɗa mata dalilin sayen ba. Ya ga sau nawa aka sa mata rai da maganin kunne, na asibiti da na gargajiya, kowanne ya ƙare ba labari. Ya ƙudura ba zai ambaci rubutun ba sai ya gan shi da idonsa a ɗakinsa.

Ranar kasuwa ya naɗe talabijin a bargo ya mayar Jega. Imrana ya saurare shi, ya jona ta, ya ɗauki rimot ɗinta ya danna wani maɓalli. Gilashi ya yi baƙi, wasu lambobi suka fito a kusurwa suna ta gudu, ba abin da ya biyo baya.

Imrana ya ce, "Ka gani ko? Wurin rubutu ke nan, kuma babu. Tashoshin ne ba su aiko shi ƙasar ga."

"Na gan shi Aliero. Tasha guda, mutum guda."

"To wataƙila talabijin ta Alhaji babba ce. Gaskiya, Malam Isiyaku, ni aikina in kama tasha. Ba wanda ya taɓa tambaya ta rubutu, cire shi ma aka fi so." Da zai tafi ya ƙara masa da gargaɗi: in wani shuɗin allo mai jerin kalmomi ya fito daga risiba, ya yi maza ya kashe, in ya taɓa tashoshi za su watse.

Isiyaku ya fito bai gamsu ba. Shi abin da ya sani a mota, in ta ƙi tashi ba ka gane inda ciwon yake ba, sai ka ari batirin wata ka gwada. Maimakon ya juya gida, ya miƙe Aliero da talabijin a kujerar gaba, ya ɗaure ta da igiya kada gargada ta jijjiga ta.

Alhaji Sa'idu ya yi dariya da ya gan shi rungume da bargo, amma ya bar shi ya gwada. Isiyaku ya zare wayar da ta fito daga risibar Alhaji, ya soka a bayan tasa talabijin. Hoto ya zo, bayan ɗan jim sai ga farin rubutu layi biyu.

Ya ce, "Ashe ba laifin talabijin ba ne. Cikin akwatin ga yake."

Alhaji ya tambaye shi me ya sa ya damu da rubutun da ba ya iya karantawa. Isiyaku ya gaya masa. Alhaji ya jinjina kai yana shafa gemu, don ya san Shafa'atu tun tana koyarwa, ɗiyar ƙanwarsa ma ta bi ta ajinta.

Ya ce, "Ni kau abin ga damuna shikai. In ana ƙwallo, shi ka rufe ƙafafun 'yan wasa. Kuma ba ni na sa shi ba. Jikata ta zauna kan rimot, tun ran nan ya fito, an rasa mai fidda shi. Kawo taka risiba ka ɗauki wagga, kowa shi huta."

Haka aka yi. Da ya sake zuwa ɗaukar kaya ya kawo tasa, ya karɓi ta Alhaji da rimot ɗinta. Bai tsaya hira a tashar Jega ba, ya iso Maiyama bayan la'asar, yara suna makarantar Islamiyya. Ya jona wayoyi yadda ya ga Imrana ya yi, ya ja janareta, ya zauna a kan gwiwoyinsa. Tashoshi suka zo lafiya lau. Ya nemo Baturen, ya jira. Ya bi sauran tashoshin ɗaya bayan ɗaya, ya dawo. Babu rubutu. Cire akwatin daga wuta da aka yi ya mayar da ita yadda ta fito daga kanti, shi kuwa bai san haka ba. Abin da ya sani kawai, ya ɗauko abu a Aliero, ya iso gida babu shi.

Yana nan zaune riƙe da rimot biyu Shafa'atu ta shigo. Ba hayaniyar janareta ta ji ba, hayaƙinsa ta shaƙa daga madafa. Ta dubi sabuwar risiba, ta dube shi.

Ta ce, "Maigida, mi ke faruwa? Ka fita da talabijin ka dawo da ita. Ka fita da akwati ka dawo da wata. In sayarwa za ka yi, ka gaya min, in san abin da zan ce wa yara."

Ya girgiza kai. Ya ga ɓoyon ya ishe shi haka. Ya matso inda haske ke kan fuskarsa ya fara bayani, amma maganar ta yi tsawo, ta ɓace mata a tsakiya. Sai ya nuna bakin Baturen, ya ja yatsa a ƙasan gilashi daga wannan gefe zuwa wancan, ya yi alamar rubutu a tafin hannunsa, sannan ya nuna ta. Ta ce ya sake. Ya sake.

"Abin da yake faɗi, a rubuce?"

Ya ɗaga kai.

"Ka gani da idonka?"

"Aliero. Da wagga akwati."

Ta ajiye ludayin da ke hannunta a kan taga, ta goge hannu da gefen zane. Ta daɗe tana kallonsa, ya ɗauka wata magana za ta yi, amma abin da ta ce kawai shi ne, "Ba ni abin nan." Ya miƙa mata rimot ɗin talabijin. Ta ce a'a, na akwatin, tunda ya ce a cikinta yake.

Ta karɓi rimot ɗin ta kai bakin ƙofa tana karanta ƙananan kalmomin da ke jikin maɓallan, ta dawo ta danna ɗaya. Shuɗin allon nan ya fito. Isiyaku ya yi wuf zai karɓe, yana nuna mata da hannu cewa tashoshi za su watse. Ta janye hannunta.

"Bari in karanta tukuna. Ba a rubuta shi don a ji tsoronsa ba."

Ba ta same shi nan take ba. Ta shiga wurin agogo ta fito, ta shiga wurin launi har fuskar Baturen ta koma kore, ta gyara. Sau ɗaya duk kalmomin suka juye zuwa wasu haruffa da ba ta taɓa gani ba, ta yi tsaki, ta bi sawunta a hankali har Turanci ya dawo. Isiyaku ya fita ya ƙara wa janareta mai, ya dawo ya same ta ta jawo kujera 'yar tsugune har gaban gilashi. A ƙarƙashin wurin zaɓen harshe ta ga wani layi da ke maganar rubutun ƙasa, an nuna a kashe yake. Ta kunna, ta zaɓi Turanci, ta rufe allon.

Tallar sabulu ake yi, ba komai a ƙasa. Suka jira. Da aka gama, wata mata ta fito tana magana a gaban wani kogi, sai ga rubutun ya biyo ta, yana ɗan makara kaɗan.

Shafa'atu ta kafa wa rubutun ido. Leɓenta ne kawai ke motsi. Isiyaku ya ce, "Mi take cewa?" Bai sami amsa ba, sai ya tuna ba shi take kallo ba. Shekaru ke nan duk maganar da za ta shiga kanta sai ta bi ta bakinsa ko na yara, yau ga ta tana jin wata ba tare da shi ba. Ya taɓa kafaɗarta ya sake tambaya.

Ta ce, "Ambaliya aka yi wata ƙasa, gada ta karye. Ka bari, yana wucewa."

Ta juya ga gilashin. Can kuma, ba tare da ya sake roƙo ba, ta fara mayar masa da Hausa, jimla bayan jimla, da muryar da take koyarwa da ita a aji. Muryar ta haura katanga, har maƙwabciyarsu Kaltume ta leƙo ta ga ko lafiya. Isiyaku ya yi mata alama ta shigo ta zauna.

Abin bai zo yadda ya zata duka ba. Cikin tashoshin da dish ɗin ke kamawa, kaɗan ne ke aiko rubutu, kuma shirye-shiryen Hausa, waɗanda ta fi marmari, babu ko ɗaya mai shi. In ana irin waɗannan, shi ke juya baya ga talabijin ya maimaita mata a hankali. Sannan duk lokacin da janareta ya mutu, akwatin kan manta, sai an sake shiga shuɗin allo. Wannan ya zama aikinta, kafin yara su gama shimfiɗa tabarma ta gama.

Labarai ba su daɗe suna burge ta ba, ta ce yawancinsu faɗa ne. Ta fi son wata tasha mai nuna yadda mutanen wasu ƙasashe ke aiki. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci aka nuna manyan motoci suna tafiya a kan wani farin fili. Ta ce masa wai tafki ne, sanyi ya daskarar da ruwan, direbobi ke bi ta kai da kaya.

Isiyaku ya matsa kusa ya ƙirga tayoyin motar. Ya taɓa ta, ya ce, "Da lodi? Kan ruwa? Ki sake dubawa, Malama."

"Na duba. Sun ce in ya fara tsagewa, ba a taka birki."

"Wanga kam ƙarya ce."

Ta ce, "To ka tai ka gaya musu. Ni abin da anka rubuta nika karantawa."

Ya koma ya zauna yana girgiza kai, amma bai bari an canza tasha ba sai da ya ga motar ta haye.