Ranar da Goggo Ta Wanke Murjanin Yaya

Warin ne ya fara tare ni tun daga ƙofar falo, irin na ƙwai bara-gurbi. Na yar da kwandon cefane na shiga da gudu. Sai ga Goggo, ƙanwar mahaifinmu da ta zo duba Yaya, ta naɗe hannun riga, ta zura ludayi cikin akwatin gilashin kifinsa tana ta juyawa kamar mai wanke shinkafa.

"Innalillahi! Goggo, me kike yi?"

"Ƙazantarku nake kwashewa," ta ce ko waiwayowa ba ta yi ba. "Ke Auta, mace har mace, ki bar datti ya kwanta haka a tsakiyar falo?"

Ruwan da na bari garau ya koma baƙi ƙirin.

Yaya ne ya haɗa akwatin nan da hannunsa kafin ɓarin jikinsa ya shanye. Kifayen teku ne guda huɗu, ruwansu na gishiri, ƙasan kuma ya shimfiɗa musu dakakken murjani, fari mai kama da tsakuwa. Tun da ciwon ya ɗauke masa magana, ba ya kallon kowa sai su. A gabansu kawai yake yarda ya ci abinci. Ga shi direba ya kai shi asibiti gashin ƙashi, kuma lokacin dawowarsu ya kusa.

Na fizge ludayin, abin da ban taɓa yi wa Goggo ba, na kira mai shagon kifin ado a waya, na faɗa masa.

"An tona murjanin? Har ƙasa?" Ya yi salati. "Hajiya, abin nan yana da daɗin sha'ani, yana hana ruwa tsami, famfo ba ya watsa shi kamar yashi. Amma tsakankaninsa duk ramuka ne, kashin kifi da ragowar abinci nan suke shigewa su ruɓe. A hankali ake zuƙe saman da tiyo. In aka tona shi gaba ɗaya, guba ce ke tashi. Kuna da haɗaɗɗen ruwan gishiri a ajiye?"

"Jarka ɗaya."

"Zuba a bokiti, ki kwashe kifayen yanzu yanzu!"

Goggo, da jikinta ya yi sanyi, ta ruga kicin ta dawo da ledar gishiri.

"Ba na miya ba, Goggo! Don Allah ki zauna!"

Na zura ragar kamu ina lalube, ba na ganin komai a cikin duhun ruwan. Na farko da na ciro, shuɗin nan ne da Yaya ya fi so, ya riga ya sandare. Na biyu ya buɗe baki sau ɗaya a cikin bokiti, ya juya ciki sama. Na uku ma haka. Wallahi tsoro nake ji, tsoron da ban ji irinsa ba ko ranar da Yaya ya faɗi a banɗaki. Ɗan rawayan kaɗai ya kwanta a gindin bokitin yana numfashi da ƙyar.

Sai hon ɗin mota a bakin get.

Na cire zanin da na yafa zan rufe gilashin, amma ina! Warin ya cika gida. Direba ya turo keken Yaya har tsakiyar falo, ya dube mu, ya sulale waje.

Yaya ya kalli baƙin ruwan, ya kalli matattun kifayen da na jera a kan tire. Goggo ta durƙusa tana kuka. "Ɗana, gyara na yi niyya."

Bai dube ta ba. Da hannunsa mai lafiya ya ja keken zuwa bango, ya zare wayar famfon da ke kaɗa ruwan akwatin daga soket. Falon ya yi tsit.

"Yaya, ɗaya na da rai," na ce. "Dubi, ga shi a bokiti. Zan wanke, zan sake haɗawa, ka nuna min kawai."

Na sunkuya zan mayar da wayar. Ya damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba, ya girgiza kai, ya rufe ido.