Buhunan Karan da Inna Rekiya Ta Shanya

An buɗe wa shanu bakin magudanar Tafkin Gora ranar Laraba, bayan gwaji ya nuna gubar nakiya ta ragu sosai a ruwan. Garken Halilu ne ya fara sha. Da sakamakon bai zo haka ba, da ya kora shanunsa dajin Zurmi neman ruwa, inda ɓarayi suka kwashe garken ƙanensa bara.

Tafkin yana kusa da Kasuwar Daji, ƙasa da wurin da wani kamfani ke fasa dutse. Ruwan da ake wanke kayan nakiya da shi ne ke gangarowa ciki, ja-ja. Da maruƙa biyu suka sha suka mutu da kaka, hakimi ya sa aka kewaye tafkin da ƙaya.

Kamfanin ya ɗauko Nadiya, malamar kimiyya daga Kaura Namoda. Ta cika buhuna da yankakken karan gero, ta zuba musu irin farar fumfunar da ke cin ruɓaɓɓen itace, ta jera su a magudanar da ruwan tafkin ke fita. Ta bayyana wa Halilu cewa abin da fumfunar ke narka itace da shi, shi ne zai wargaza gubar. Ta bar wa Inna Rekiya, mai gonar da ke gefen, amanar kada awaki su taɓa, ta koma gari.

Da ta dawo ran kasuwa, buhunan suna kan dutse, an zazzage karan an baza a rana.

"Inna, wa ya fitar da su?"

"Ni ce, ɗiyata. Na ishe su sun yi fari fat. Kin bar min amana, in bari ta ruɓe?"

"Farin nan shi ne aikin."

"To, mu nan abin da ya yi fumfuna shanya shi mukai. Ko a boko ba a shanya?"

Halilu, da ke tsaye a gefe, ya murza karan a tafinsa, ya ji ya bushe ƙayau. "Malama, in ɗaure kaya sai Zurmi ke nan?"

"Kada ka ɗaure, Baba. Ina da sauran iri a gida." Ta juya ga tsohuwar. "Inna, in kin dafa daddawar batso, rana kike kai ta?"

"Rufe ta nikai, ta kwana cikin ɗumi har ta yi wari."

"To wannan ma haka yake so. Inuwa da laima."

"Ai da kin ce daddawa ce tun farko."

Suka sake cika buhunan tare. Inna Rekiya ta kafa musu rumfar zana, kullum da hantsi tana yayyafa wa na sama ruwa. Farin ya dawo ya kama karan. Ruwan da ke fita ta ƙarshen magudanar ya daina ja, Nadiya ta ɗiba a kwalabe ta aika ɗakin gwaji a Sakkwato.

Ranar Laraba Halilu ya tsaya da sandarsa a kafaɗa har saniya ta ƙarshe ta ɗaga kai. Ya ce bana ba ya zuwa Zurmi.

Ƙayar da ke kewaye da tafkin kansa tana nan. Sakamakon gwajin lakar ƙasansa bai dawo daga Sakkwato ba tukuna.